A coci mai haƙuri, a gida abin tsoro

A cocinmu da ke gefen Aboabo, nan Kumasi, an daɗe ana ba da misali da ni in ana zancen haƙuri. Samari su yi cacar baki a kan kuɗin kayan kiɗa, ni za a kira in sasanta. Matata tana zaune cikin zumuntar mata tana jin ana yabona, ba ta taɓa ƙaryata kowa ba. Ita da 'ya'yanmu da yaran shagona ne kaɗai suka san ɗaya mutumin.

A gidan haya na tashi, irin gidajen zango masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayan gida sai an bi layi. Baba daga wajen Bawku ya gangaro kudu neman abin yi, ya samu gadi. Mma kuma 'yar wajen Bolga ce, tana sayar da koko da ƙosai tun asuba. Yarensu ba ɗaya ba ne, don haka da Hausa suka yi zance, da ita mu ma muka buɗe baki. Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Ranar Layya nama har ya yi mana yawa, ranar Kirsimeti Mma ta dafa shinkafa ta bi ɗaki ɗaki.

Baba ba ya ɗaga murya a waje. Masu gidan da yake wa gadi sukan ci masa mutunci a gaban 'ya'yansu, ya rusuna ya ce to. Da safe ya dawo ido jawur don rashin barci, takalmi ɗaya da wani ya bari a bakin ƙofa ya isa ya sa shi zare bel. Da yamma kuma, kafin ya koma aiki, ya ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta mana, muna zaune bayanmu na raɗaɗi. Na sha rantsuwa a raina cewa in na girma ba zan zama kamarsa ba.

Da na gama firamare aka kai ni Magazin da ke Suame koyon walda, aka biya kuɗin shiga haɗe da katan na lemo, kamar yadda aka saba. Wanda bai taɓa shiga Magazin ba zai ɗauka gareji ne. Gari ne guda na makanikai da maƙera da masu sayar da kayan mota, inda ake ƙera bodin tirela da tankar mai da injin niƙa, ƙarar guduma ba ta tsayawa daga safe har magariba. A can marin masta ba abin kai ƙara ba ne. Na sha nawa, na haɗiye, na samu 'yancina, na buɗe ɗan shago.

Kullum mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi ta yau da kullum, ya zagayo da yamma sai na ba shi wani abu, ko da ranar ban ci da rana ba. A 2007, shekarar da aka canja kuɗi sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, na haɗa abin da na tara na sayi fili a bayan gari, ta hanyar Offinso. Lokacin Baba ya riga ya rasu, don haka da Yayana muka je fadar sarkin ƙauyen, tunda babban wa magajin uba ne. Takardar da aka ba mu na kai wa Mma ta sa a ƙasan akwatinta. Ba wani gida nake mafarki ba. Ɗaki biyu da falo, da bayan gidan da ba sai matata ta bi layi ba.

Yaya ba shi da sana'a. Ya taɓa tela ya bari, ya taɓa yaron mota ya bari, yawanci yana majalisar samari ana shan ataya. Wata rana aka wayi gari ba ya nan, aka ce ya bi hanyar Libiya ta Yamai da Agadas, kamar yadda samari da yawa suke yi a lokacin. Na yi mamakin inda ya samu kuɗin mota, amma ban kawo komai a raina ba.

Sai ranar da na ɗauki tifa guda ta yashi zuwa filin. Muna isa na tarar an haƙa tushe, bulo ya kai gwiwa, magina suna cin abinci a ƙarƙashin bishiya. Mai ginin ya zo, mutum mai natsuwa, bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe jaka ya miƙo mini takardata, ita kanta, da ɗigon man ja da na sani a gefenta, ga kuma wata sabuwa da Yaya ya dangwala wa hannu. Direban tifa yana ta danna ham yana tambaya a ina zai juye. Ƙarshe mai ginin na sayar wa yashin a kan rabin kuɗinsa, na tsaya ina kallo aka juye shi a filina.

Da na je wa Mma da maganar, ta kama hannuna ta ce, "Ka yi haƙuri saboda Allah, ɗana. Kada ka tona mana asiri a zango." Na ce to, irin ton Baba.

A 2011 yaƙi ya ɓarke a Libiya, gwamnati ta yi ta kwaso 'yan Ghana. Yaya ya dawo da jaka ɗaya, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Aka yi sujadar godiya a coci, muka fito da fararen hankici muna rawa zuwa wajen baiko, ni ma ina ciki. Daga ranar, kullum da safe in ce, "Yaya, ina kwana," ya ce, "Lafiya lau," shi ke nan. Bai tayar da zancen fili ba, ban tayar ba. A ganina na gafarta masa, tunda ban kai shi wurin 'yan sanda ba, ban zage shi ba, har kuɗin magani nakan ba Mma ta ba shi.

Duk mai walda ya san cewa ƙarfe in aka gama ɗinke shi, jan yakan gushe nan da nan, ya koma baƙi kamar ba a taɓa shi ba, amma zafin yana nan. Wanda bai sani ba ne yake kai hannu. A gidana matata ce take kai hannun. Gishiri ya ɗan yi yawa a miya, in yi jifa da kwano. Ta tambayi kuɗin makaranta, in tashi unguwa da ihu. Mai gida ya ƙara kuɗin haya, ya ce a biya na shekara biyu gaba ɗaya kamar yadda ake yi a nan, in dawo in sauke a kanta kamar ita ta sayar da filin. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan, ina cewa ai na fi Baba. Amma yarana in suka ji ƙarar babur ɗina daga bakin lungu, sai a kashe talabijin, kowa ya nemi littafi ya riƙe.

Shekarar 2015 ce ta fasa ƙwan. Dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, a wasu unguwanni a ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Mai walda kuwa in babu wuta ba shi da maraba da marar sana'a. Masu aiki suna zuwa suna karɓe kuɗinsu, man janareta yana cinye ribar. Wata rana aka kawo wuta da yamma, muna da ƙofar gida da za mu haɗa kafin gari ya waye. Na ba wani yarona awo, ɗan shekara goma sha bakwai, mai ladabi, wanda kawunsa ya kawo mini daga arewa. Ya yanka ƙarfen ya gaza da kamar faɗin yatsa uku. Ƙaramar gudumar da muke kankare walda da ita ce a hannuna. Ban san lokacin da ta bar hannun ba. Ta same shi a saman gira, ya dafe wurin, jini ya biyo tsakanin yatsunsa ya sauka a kan rigar aikinsa. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Masta, yi haƙuri."

A asibiti aka yi masa ɗinki. Ma'aikaciyar jinyar ta ga hannuna na rawa ta ce in zauna ta gwada ni, ta gwada ta sake gwadawa, ta ce hawan jini ne, kuma ba na yau ba ne. Manyan mastoci suka shiga tsakani da kawun yaron, maganar ba ta je ga hukuma ba, amma ya ɗauke ɗansa. Da na koma gida na ba matata labari, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Maigida, ba yaron nan ka jefa ba. Yayanka ka jefa. Mu ma shekara da shekaru shi kake jifa a jikinmu." Washegari ta kwashi yara ta tafi gidan gwaggonta a Tafo.

Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu muke yi a ƙasar nan: na ce aljani ne. Na ɗauki azumi na hau dutsen Atwea, inda jama'a daga ko'ina suke zuwa kwanan addu'a, na yi ta ihu ina korar ruhun fushi har muryata ta dushe. Ba na raina wurin, mutane da yawa sun sadu da Allah a can. Ni dai a hanyar dawowa, tun ba mu shigo Kumasi ba, na shaƙe wuyan rigar yaron mota a kan canjin sidi ɗaya.

Wani tsoho maƙwabcinmu, Baba Alhaji, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando, ya kira ni bayan sallar isha'i. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce a wurinsu an koyar cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. "Kai kuma ƙara da wannan," in ji shi, "duk abin da ke hannunka, ajiye shi tukuna." Har gobe ina amfani da wannan. Amma saman abin ya taɓa, gindin yana nan.

Wanda ya tono gindin wani dattijon ikilisiyarmu ne, tsohon soja, ba mai yawan magana ba. Na je masa da niyyar ya raka ni biko. Ya ce biko ba yanzu ba. Ya buɗe Luka sura 15 ya ce in karanta labarin ɗan da ya ɓatar da dukiyar ubansa. Na ce, Baba, wannan ai tun makarantar Lahadi na haddace shi. Ya ce in fara daga aya ta 25. Nan ne babban ɗan ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya yi fushi ya ƙi shiga, har uban ya fito yana lallashinsa, shi kuma ya zazzage abin da ke cikinsa: shekara nawa ina yi maka bauta, ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Dattijon ya ce, "A gidanku kai ne ƙane, amma a labarin nan kai ne wan. Sai dai shi ya fi ka gaskiya. Ya tsaya a waje ya faɗi abin da ke ransa, ubansa ya amsa masa. Kai ka shiga ka yi rawa da hankici."

Ya nuna mini cewa Afisawa 4:26 ba ta ce kada a yi fushi ba. Ta ce in an husata kada a yi zunubi, kada kuma a bari rana ta faɗi ana riƙe da fushin. Yesu kansa, a Markus 3:5, ya dubi mutanen majami'a da fushi saboda taurin zuciyarsu, abin da ya biyo baya shi ne ya warkar da mai shanyayyen hannu. Nehemiya da ya ji masu hali suna karɓe gonakin 'yan'uwansu saboda bashi, ya husata ƙwarai, ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya je ya faɗa musu ido da ido. Ni kuwa na tsallake faɗin, na ce na yi haƙuri. Tun muna yara ake ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ban ga inda Ubangiji ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka yi ta gaishe shi da safe kana ƙullace da shi ba. Abin da Matiyu 18:15 ta ce shi ne ka je ka nuna masa laifinsa, kai da shi kaɗai.

Kafin in je wurin Yaya, dattijon ya ce in fara da Allah, in riƙa karanta Zabura da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki. A Zabura 73 na tsaya, inda mai waƙar yake cewa ashe a banza ya tsarkake zuciyarsa, ga mugaye suna ta ƙiba. Ban taɓa sanin an yarda mutum ya yi wa Allah irin wannan magana ba. A daren na faɗa masa abin da ban taɓa yarda yana raina ba: ina jin haushinsa shi ma. Na ba da zakka, ban sha giya ba, ban cuci kowa ba, ya zuba ido aka sayar da gumina. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba. Ba a amsa mini da wata murya ba, amma na yi barci har rana ta fito, abin da na manta rabona da shi.

Na sami Yaya a ɗakin Mma ranar da ta tafi kasuwa. Na zauna, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyata. Na ce, "Yaya, ka sayar mini da fili. Ka cuce ni, ka cuci 'ya'yana, kuma ka dawo ba ka ce mini komai ba." Muryata tana rawa, amma ban yi ihu ba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Ya ce ya ɗauka in ya yi aikin filasta shekara biyu zai dawo ya saya mini biyu. Ya ba ni labarin hamada, da wani abokin tafiyarsu da suka rufe da yashi da hannu, da watannin da ya yi a tsare a garin Sabha na Libiya. Ya ce kullum na gaishe shi ji yake gara in mare shi. Sannan ya faɗi abin da ban shirya ji ba: ba sace takardar ya yi ba, Mma ce ta ciro ta ba shi.

Na tashi na fita, na yi ta tafiya a ƙasa har kasuwar Kejetia, na juyo. Sabon fushi ne, ɗanye, kuma a kan wadda ba a ɗaga wa murya. Da a da ne, da na haɗiye shi na kai gida. Da magariba na durƙusa a gabanta na ce, "Mma, Yaya ya faɗa mini. Raina ya ɓaci ƙwarai." Ba ta musa ba. Ta ce, "Ɗaya da sana'a a hannu, ɗaya yana zaune cikin masu shaye-shaye ina kallo yana lalacewa. Na ce kai za ka sake samu. Na yi maka ba daidai ba, kuma tsoronka ya hana ni faɗa." Uwata, tana tsorona. Har yau ban ce hukuncin da ta yanke daidai ne ba, ita ma ba ta nemi in ce haka ba.

Gafarar ba rana ɗaya ta zo ba. Abin da na iya yi shi ne na ce wa Yaya a gaban dattijon nan na yafe bashin, ba zan sake bin sa ba, ba kuma zan ba 'ya'yana labarin don su riƙe shi ba. Duk ranar da muka kai wurin "ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi" a Addu'ar Ubangiji, nakan sake yafewa, don wani lokaci abin yakan dawo, musamman ranar biyan haya. Yafewa kuma ba ta sa na ba shi ajiyar kuɗi ba. Ya san haka, ba ya jin haushi.

Wurin biko gwaggon matata ta wanke ni tas, na zauna na sha. Matata ta dawo da sharaɗi: in raina ya ɓaci in faɗi da wa, kuma a kan me, kafin a kwanta. Yana da wuya fiye da yadda ake zato. Sau da yawa in na bincika sai in tarar ba ita ba ce, wani mai mota ne ya hana ni kuɗina, ko tsoro ne kawai na yadda wata zai ƙare. Na kira yaran na roƙe su gafara ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ya yi dariya, babbar ta kalle ni kawai, ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta daina tashi in na shigo falo.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Kumasi da Accra saboda korona, muka yi mako uku a ɗaki ɗaya ba aiki ba kuɗi. Na yi fushi a kwanakin, ba sau ɗaya ba, har na daka wa yaro tsawa a kan cajar waya, na dawo na ba shi haƙuri kafin a ci tuwon dare. Ba a fasa kwano ko ɗaya ba. Ina shan maganin hawan jini kullum, kuma a shagona na hana duka, har wasu mastoci suna ce mini fasto don zolaya.

Mma ta rasu muna shiri. Yaya yanzu gadi yake yi, aikin Baba, kuma mu biyu muka haɗa kuɗin jana'izarta. Har yanzu a gidan haya nake.

Yaron da na jefa ya ƙarasa koyon aikinsa a wurin wani masta, yanzu yana da shagonsa ta wajen Tafo, tabon yana nan a girarsa. Na je na same shi a gaban yaransa na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya ce, "Masta, ya wuce," ya juya ya ci gaba da aikinsa, bai ba ni wurin zama ba. Ban matsa masa ba, don ba ni da ikon sa masa rana. In na samu aikin ƙofa ko taga da ya fi ƙarfina nakan tura masa. Wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya ce wa mai aikin hannunsa a cike yake.